Almakashin Lotte Reiniger: Yadda Ake Sa Inuwa Ta Hau Doki

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu na a zo a gani a cikinsu. Teburi ne aka fafe tsakiyarsa, aka shimfiɗa gilashi a gurbin. Ƙarƙashin gilashin akwai fitila, a samansa kuma kyamara ce a rataye, idonta na kallon ƙasa. A gefe ga baƙin kwali, ga fallen dalma, ga siririyar waya, ga takarda shara-shara, ga ɗan ƙaramin almakashi. Da waɗannan ne wata Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger ta shirya fim na sama da awa guda tsakanin 1923 da 1926, fim ɗin da babu ɗan'adam ko ɗaya da ya tsaya gaban kyamara a cikinsa, sai inuwoyi. Sunansa Die Abenteuer des Prinzen Achmed, wato abubuwan al'ajabin da suka sami Yarima Ahmad. A cikin dogayen finafinan katun da suka rage a duniya babu wanda ya girme shi. An yi wasu kafinsa a Ajantina, amma sun salwanta. Snow White na kamfanin Disney, wanda da yawa ke ɗauka shi ne na fari, sai a 1937 ya fito.

Duk wanda ya taɓa riƙe Dare Dubu da Ɗaya zai gane mutanen cikinsa: dokin tsafi mai tashi sama, Halifa da 'yarsa, Pari Banu sarauniyar aljanun tsibirin Waƙ-Waƙ, da Aladin da fitilarsa. Labarin mun san shi. Abin da ya cancanci a zauna a duba shi ne yadda aka yi kwali ya ɗare bayan doki ya bi iska.

An haifi Lotte ran 2 ga Yuni 1899 a Charlottenburg, wadda yanzu unguwa ce a Balin. Tun tana yarinya take yanka siffofin mutane da takarda tana wasan inuwa da su a gida. Tana matashiya ta saurari laccar Paul Wegener, ɗan wasa kuma darakta, kan abin da kyamara za ta iya idan aka ɗauki hoto ɗaya bayan ɗaya. Ta shiga makarantar wasan kwaikwayo ta Max Reinhardt don ta kusanci inda yake aiki, tana rakuɓewa gefe tana yanka siffofin 'yan wasa, har ya lura da ita. Da ya zo shirya fim ɗinsa na mai sarewar garin Hameln, wanda ya fito a 1918, sai aka bukaci ɓeraye su bi mai busa. Aka saki na gaske, kowanne ya kama gabansa. Sai aka koma ga na katako, ana matsar da su kaɗan-kaɗan ana ɗauka, Lotte na cikin masu matsarwa, suka kuwa bi layi tiryan-tiryan. A 1919 ta yi gajeren fim ɗinta na farko a cibiyar Hans Cürlis da ke Balin. A can ta haɗu da Carl Koch, suka yi aure a 1921, shi ne kuma ya riƙe mata kyamara har ƙarshen ransa.

To, ga yadda aikin yake. Da fensir ake farawa: a zana labarin fage-fage, a zana kowane mutum ta gefe, domin inuwa ba ta nuna fuska ta gaba. Daga nan sai almakashi. Waɗanda suka gan ta tana yanka sun shaida abu ɗaya: hannun dama mai almakashi kusan ba ya gusawa daga inda yake, buɗewa da rufewa kawai yake yi. Hannun hagu ne ke ta aiki, yana juya takardar, yana kai ta bakin almakashi, yana murza ta daidai inda ake son lanƙwasa. Akwai dalili. Wuyan hannu iyakarsa kaɗan ce wajen juyawa, idan ka bi layi da almakashi dole ka tsaya ka gyara riƙo, kuma duk inda ka tsaya sai ka bar ƙusurwa. Takarda kuwa tana iya zagayawa ba iyaka. Shi ya sa wuyan dokinta ke fitowa da lanƙwasa guda, sumul, ba tsinkewa.

Wannan tsabtar yanka ba ado ba ce kawai. Mai zanen katun yana da launi, yana da ƙwayar ido, yana da tamojin goshi. Mai inuwa ba shi da komai sai bakin layi. Izzar Halifa, tsoron Aladin, kunyar gimbiya, duk a gefen baƙin kwali za a karanta su: tsayin hanci, yadda haɓa ta ɗago, inda kafaɗa ta faɗa. Idan ana son adon riga ko gashin tsuntsu ya fito, sai a huda cikin baƙin a fitar da ƙananan tagogi don haske ya ratso. Nan ma da lissafi, domin tsakanin kowace taga da 'yar'uwarta sai an bar ɗan siririn kwali da zai riƙe su. Ka yanke shi, adon ya zube ƙasa. Dubi rigar gashin da Pari Banu ke sawa ta tashi sama, ka tuna cewa kowane ɗigon haske a jikinta sai da bakin almakashi ya shiga ya fita.

Siffar da aka yanka ɗungurungum ba za ta motsa ba, don haka gaɓa-gaɓa ake yanka ta: kai daban, wuya daban, ƙirji, ƙugu, damtse, sangali, tafin hannu, cinya, ƙwauri, sawu. Wadda za ta yi motsi mai yawa tana iya kaiwa gutsure 25, wata har 50. Kowane gutsure ana bar masa ɗan kunne mai zagaye wanda zai shige ƙarƙashin maƙwabcinsa, don idan gwiwar hannu ta lanƙwashe kada haske ya ɓullo ta tsakani ya tona asiri. Sai a huda su biyun da basilla, a zura waya, a murɗe, a danne ta kwanta. A hannu za ka ga abin duk ɗauri ne da ƙulli. Da zarar an kunna fitilar ƙasa, baƙi ya hau baƙi, ɗaurin ya ɓace, sai mutum guda santal.

Inda za a huda ramin nan, nan ilmin yake ɓoye. Kafaɗar mutum tana da wurin da take juyawa, ƙugu ma haka. Ka kuskure wurin da faɗin ƙwayar gero, hannun zai ɗaga kamar an karya shi, kuma ɗan kallo zai ji wani abu bai yi daidai ba ko da bai san mene ne ba. Ƙafar doki ta baya ba ta lanƙwashewa yadda ta gaba ke yi. Wuyan tsuntsu yana bukatar gaɓoɓi da yawa ƙanana. Ita kanta wayar tana da nata ma'auni: ta yi sako-sako, numfashinka ma ya isa ya gusar da hannun, ta yi tsauri, ka taɓa yatsa kafaɗa ta biyo. Babu littafin da zai gaya maka sau nawa za ka murɗa. Yatsu ne ke koya.

Dalma fa, me ya kawo ta? Fitilar da ke ƙasa tana da zafi, kwali kuma idan ya ji zafi sai ya bankare. Da zarar gefensa ya ɗago daga gilashi, layin ya dusashe a idon kyamara. Dalma tana da nauyi, tana da laushin da almakashi zai yanka ta, kuma idan aka daddanne ta ta kwanta, to ta kwanta ke nan. Saboda haka ake yin wasu gaɓoɓin da ita, ko a ƙarfafa kwalin da ita, siffar ta lafe a gilashi, ta kuma tsaya inda aka bar ta. Mutum guda kuma ba siffa guda ake yi masa ba. Ana yanka ƙarami don hango shi daga nesa, matsakaici don tafiya da faɗa, da kuma babba don lokacin da ake son ganin fuska da yatsu a kusa. Dole dukansu su zama mutum ɗaya, hanci ɗaya, gemu ɗaya.

Bayan fage, wato duwatsu da fada da dazuzzukan da ke bayan mutanen, da takarda shara-shara ake yin su. Falle ɗaya yana barin haske ya wuce sosai, sai ya zama dutse mai nisa cikin hazo. Falle biyu ya ɗan yi duhu, ya matso. Uku, huɗu, har a iso ga baƙin kwali wanda shi ne na kusa. Da yawan falle kawai ake auna nisa. Don ƙarin zurfi, suka jera gilasai hawa-hawa a ƙarƙashin kyamara, kowane hawa da abin da ke kansa, ana iya motsa wannan a bar wancan. Wannan dabara ta hawa-hawa ita ce manyan kamfanonin Amurka suka ƙera wa injuna masu tsada bayan shekara goma da wani abu.

Wurin da aka yi duk wannan ɗaki ne a saman garejin wani mai banki, Louis Hagen, a Potsdam. A 1923 kuɗin Jamus ya zama takardar banza saboda hauhawar farashi, Hagen kuwa ya riga ya zuba dukiya a ɗanyen fim, sai ya ba Lotte ta yi dogon aiki da shi. Ba ta daɗe da haura shekara ashirin ba a lokacin. Rufin ɗakin gajere ne, kyamara kuma tana bukatar tazara, don haka aka sauke gilashin kusa da ƙasa. A durƙushe ta yi aikin, a kan kujerar wata tsohuwar mota da aka kwance. Shekara uku.

Yanzu an kashe fitilar ɗaki, an kunna ta ƙasa, Yarima Ahmad na kwance a gilashi. Fim ba komai ba ne illa hotuna tsayayyu da ake wucewa da su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne, kimanin 24 a kowace daƙiƙa. Sai Lotte ta sa kan yatsa ta matsar da ƙafar yarima ɗan kaɗan, ta gyara ɗaya ƙafar, ta ɗan sauke ƙugu, ta kaɗa hannu baya, ta karkata kai, ta janye hannunta. Koch ya ɗauki hoto ɗaya. Ta sake sa yatsa. Idan mutum biyar ne a fagen, kowannensu sai an bi gaɓoɓinsa kafin a ɗauki hoton nan guda. Minti ɗaya hoto 1,440 ne.

Haƙuri kaɗai ba ya isa, domin mai haƙuri marar sani zai matsar da komai daidai wa daida, ya sami motsi irin na inji. Rai yana cikin tazarar da ke tsakanin hoto da hoto. Hannun da zai ɗauki takobi yana farawa a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya lafa a ƙarshe: tazara ƙanana, sai manya, sai ƙanana. Wanda zai yi tsalle sai ya fara duƙawa. Wanda ya tsaya cak, gefen rigarsa ba ya tsayawa tare da shi, sai ya ɗan wuce ya dawo. Mai tafiya yana ɗagowa idan ƙafafunsa sun haɗu, ya sauka idan sun rabu, kuma ƙafar da ke ɗauke da nauyi ba ta zamewa ko kaɗan, in ba haka ba sai a ga kamar a kan santsi yake. Wani lokaci ma gwaninta ita ce a bar siffa ba motsi na hoto goma ko ashirin, don ɗan kallo ya ga tana tunani. A nan makarantar Reinhardt ta yi rana. Lotte 'yar wasan kwaikwayo ce wadda ta mai da wasanta kan yatsunta: ta san takun sarki, ta san sanɗar ɓarawo, ta san yadda budurwa ke kau da kai. Da ta zo yin finafinan Dakta Dolittle a 1928, gidan namun daji na Balin ta riƙa zuwa tana tsayawa tana nazarin yadda kowace dabba ke jefa ƙafa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk a makance ake yi. Babu allon da za ta waiwaya ta ga abin da ta ɗauka ɗazu. Sai an wanke fim kafin a san ko tafiyar ta yi kyau. Motsin gaba ɗaya yana cikin kanta, daga hoton farko zuwa na ƙarshe, kuma idan hannun riga ya goge siffa ya gusar da ita a hoto na ɗari uku, babu gyara sai sakewa. Mu da ke shafa gilashin waya mu wuce abu goma kafin mu gama hamma, yana da kyau mu san akwai wadda ta yini a durƙushe don daƙiƙu kaɗan.

Ba ita kaɗai ba ce a ɗakin. Alexander Kardan ne ke riƙe da takardar lissafin hotuna, Walter Türck na kula da shimfiɗa bayan fage. Walter Ruttmann da Berthold Bartosch kuma su ne masu sihirin: hayaƙi, wuta, gizagizai, teku. Sun yi aiki da yashi da sabulu da fenti a kan gilashi. Taurari kwali ne da aka huhhuda. Igiyoyin ruwan da ke jifa da kwalekwalen Aladin, Bartosch ya yi su da takardu shara-shara yana gusar da kowace da nata sauri. Akwai kuma na'urar da Oskar Fischinger ya ƙirƙira, mai yankan dunƙulen kaki falle-falle, kyamara na ɗaukar fuskar dunƙulen bayan kowane yanka, sai a ga siffofi suna narkewa suna haihuwar wasu. An ƙiyasta sun ɗauki hoto kusan 250,000, wajen 96,000 ne suka shiga fim. Fiye da rabin wahalar, ba wanda ya gan ta.

Gwanintar ta kai maƙura a faɗan mugun bokan labarin da mayyar dutsen wuta, inda kowannensu ke rikiɗa: zaki, maciji, kunama, zakara, ungulu, dodo. Babu yankewar hoto da za a ɓuya a bayanta. A gaban idonka ake cire gutsure a sa wani, ana rage wannan ana ƙara wancan, hoto bayan hoto, har wutsiya ta zama ƙari, baki ya zama ƙaho. Sai dai a kan bokan nan ina da magana. Mugun labarin daga Afirka aka ce ya fito, yadda yake a tatsuniyar Aladin inda bokan mutumin Magrib ne, an kuma yanka shi da zaƙo-zaƙon yatsu da mummunar siffa. Sarkin Sin da ke cikin fim ɗin ma bai tsira daga irin wannan zane ba. Gabas ce irin wadda Turawan wancan zamani ke hangowa daga littattafai. Yabon hannun da ya yi yankan bai hana a faɗi wannan ba.

Fim ɗin da kyamara ta ɗauka fari da baƙi ne. Launin da ake gani, shuɗi da ja da rawaya da kore, rini ne: a yanke kowane fage a tsoma shi a ruwan launinsa kamar yadda marini ke tsoma zane a baba. Inda yake fari ya sha rini, baƙin inuwa ya tsaya baƙinsa. Magana babu, domin zamanin fim marar sauti ne, amma Wolfgang Zeller ya rubuta masa kiɗa na musamman wanda makaɗa ke yi a cikin silima. An fara nuna shi a Balin a watan Mayu 1926, sannan a Faris.

Da sauti ya shigo fim, sai aikin ya ƙaru da wani lissafi. A Papageno na 1935, wanda ta ɗora a kan kiɗan Mozart, sai da aka fara auna kiɗan, aka rubuta hoto nawa kowane bugu zai ci. Bugun rabin daƙiƙa hoto 12 ne, don haka dole ƙafar mai rawa ta taɓa ƙasa a na 12, ba na 11 ba, ba na 13 ba. Kallon tsuntsayen fim ɗin suna tsalle a kan kiɗa, ba za ka taɓa zaton da alƙalamin lissafi aka yi su ba.

A ƙarshen 1935 ita da Koch suka bar Jamus saboda ba sa tare da mulkin Nazi. Suka yi ta yawo tsakanin Landan da Faris da Rum, duk inda biza ta ba su dama, tana aiki a duk inda ta sami teburi. Ita ta yi wasan inuwar da ke cikin La Marseillaise na abokinsu Jean Renoir a 1938. Rashin lafiyar mahaifiyarta ya mai da su Balin ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. A 1949 suka zauna a Landan, inda ɗan Louis Hagen, wanda ya ga aikin Potsdam yana yaro, ya kafa kamfanin Primrose, ta yi jerin gajerun tatsuniyoyi don talabijin. Ɗaya daga ciki, na jarumin tela, ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice a 1955. Koch ya rasu a 1963, ta daɗe ba ta yi fim ba. A 1970 ta fitar da littafi, Shadow Theatres and Shadow Films, ta bayyana sirrin sana'ar a ciki. Tana da shekara saba'in da wani abu ta koma teburi a Kanada, ta kuma riƙa zagaya ƙasashe tana koya wa matasa. Ta rasu ran 19 ga Yuni 1981 a Dettenhausen, tana da shekara 82. Siffofinta da kayan aikinta suna gidan tarihin birnin Tübingen.

Asalin fim ɗin Yarima Ahmad ya halaka a yaƙin duniya na biyu. Kwafi guda da aka adana a Landan shi ya cece shi, daga shi aka sabunta fim ɗin da launukansa a 1999, kuma yanzu ba shi da wuyar samu. Ina kira ga matasanmu masu koyon katun a kwamfuta, a Kano ne ko Zinder ko Kumasi, su neme shi, su tsai da faɗan boka da mayya su bi shi hoto-hoto. Sannan kafin su bar manhaja ta cike musu motsi, su yanka siffa guda, su haɗa gaɓoɓinta, su tafiyar da ita da yatsunsu na daƙiƙa biyar. Hoto 120 ke nan.